Korau da Hitar Dakta Maikano

Gidan Inna a Tungar Kanya mutum uku ne a cikinsa: ita, da autanta Korau, da matarsa Tabawa. Ni ne Ilu, ɗanta na fari, direba, kuma ni Allah ya jarraba da Korau. Shekarunsa talatin da biyar. Ƙato ne, buhun masara yake saɓawa a kafaɗa yana hira. Ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa guda ɗaya ne: abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, abin da kake nufi kuwa kai ta shafa.

Mai shago ya taɓa ce masa ya riƙe masa shago zai je jana'iza. Ya dawo ya tarar da Korau ya rungume ginshiƙin rumfa da hannu biyu, gumi na zuba, awaki sun shiga sun gama da garin rogo. Wani manomi ya ce ya kori tsuntsaye daga gonar dawa, sai a gari na uku aka tsayar da shi yana bin su. Sunan ma ya bi shi, duk aikin da ya kama kora ce ƙarshensa.

Wadda ke shan wahalar abin ita ce Inna. Ta tsufa, idonta ya fara rauni, amma kunnenta ya san sallamar mai kawo ƙara tun daga zaure. Kafin mutum ya buɗe baki ta riga ta ja mayafi ta ce, "Me ya ɓata? A yi haƙuri." Shekara wajen talatin ke nan tana faɗin wannan magana a ƙofa ɗaya.

Da ta ji zan kai Dakta Maikano dutsen Mambila aikin mako uku, kuma yana neman wanda zai ɗebi ruwa ya lura da kaya, sai ta sa aka kira ni. Ba ta kama sunana, ɗan fari ne ni.

"Kai," ta ce, "ka tafi da ɗan'uwanka."

"Inna, Dakta mutum ne mai tsari. Korau zai kashe shi da hawan jini."

"Ban roƙe ka komai ba tun da ka fara tuƙi. Ina so kafin in kwanta dama, ko sau ɗaya ne, ya je aiki ya dawo ranar da aka gama, ba ranar da aka kore shi ba."

Me zan ce? Na amsa, raina a ɓace. Da za mu fita Tabawa ta biyo ni zaure ta ce, "Yaya, ka dinga faɗa masa magana a miƙe. Ni shekara tara muna tare, ban taɓa samun matsala da shi ba." Na ce na ji. Ban ji ba, kamar yadda za ku gani.

Dakta Maikano likitan dabbobi ne, ya yi ritaya amma ya ƙi zama. Duk ƙarshen damina yana hawa dutsen ya yi wa shanun Fulani allurar riga-kafi. Motarsa tsohuwa ce 'yar Kwatano, irin mai ɗaki a baya: da gado, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa, da hita mai aiki da gas. Hitar wani ɗan akwati ne a jikin motar, ta waje ake buɗe shi, murfinsa mai ramuka inda hayaƙi ke fita. A kanta tafiyar ta dogara, domin Dakta yana da sanyin ƙashi. In ruwan sanyi ya taɓa hannunsa yatsun sai su ƙage, ko alwala da ƙyar, balle riƙe sirinji. Ya dubi Korau sama da ƙasa, ya ce, "Na ɗauke shi saboda kai, Ilu. Amma ranar da na rasa ruwan zafi ta dalilinsa, ranar zai bi motar kasuwa ya koma gida."

Muka hau. Kunnuwana suka toshe, motar tana haki, gajimare yana shigo mana ta taga. Dakta ya ce haka saman yake, iskarsa siririya ce, ba ta ƙosar da mutum, ba ta ƙosar da inji, ba ta ƙosar da wuta. Korau ya ce shi ya ƙoshi, ya ci ɗumame kafin mu taso.

Wata rana, washegarin isarmu rugar Ardo Giɗaɗo, Dakta ya nuna mana wata 'yar kafa a jikin hitar inda ake hango wutar. Ya ce in shuɗiya ce lafiya lau, in ta koma rawaya to iska ba ta ishe ta ba, hayaƙi kawai za ta yi ta yi. Na murɗa gas na kunna 'yar wutar da ke tayar da babbar, na ce, "Korau, ka sa ido a kan wutar nan, zan duba mai." Ban kai gaban mota ba na ji fuu, na ji ƙauri. A can sama hitar kan yi jinkirin kamawa, gas ya taru, sannan ya tashi gaba ɗaya. Na zagayo na same shi a durƙushe, ya manna fuskarsa a jikin kafar. Ya ɗago, girar dama babu ita, wurin ya yi sumul kamar bayan ludayi.

"Yaya, na sa na dama. In sa na hagun ma?"

"Uban wa ya ce ka tura idonka ciki?"

"Kai ne, Yaya. Amma ubanmu ɗaya."

Dakta ya shafa masa man ƙuna irin wanda yake shafa wa shanu. Ni kuwa na koma gaban mota na kifa kai a kan sitiyari na ɗan lokaci.

Wata rana da safe na taɓa ruwan famfo na ji shi kamar ƙanƙara. Na buɗe hitar, ba wuta, ciki ya yi baƙi da kunkunniya. Na yi tsaki na ce, "Shi ke nan, ta mutu." Na shiga neman sufana a akwatin kaya, ban lura Korau ya sulale ba. Ashe ruga ya nufa da gudu. Ya sami Ardo ya ce an yi mana rasuwa. Ardo ya tambaya wa ya rasu, ya ce, "Wadda Dakta ya ce ba zai iya rayuwa ba sai da ita." Dakta ya fito daga mota da buta a hannu ya ga maza kusan talatin sun tsuguna a ciyawa, sanduna a ƙasa, Ardo a gaba yana cewa, "Allah ya jiƙan Hajiya, Likita. Allah ya ba ka haƙurin rashinta." Butar ta faɗi. Tsohon nan da ke tafiya da ƙyar, da gudu ya hau tudun da ake samun sabis, ya kira gidansa a Kaduna. Hajiya ta ɗauka, tana cikin karin kumallo, ta tambaye shi ko ya sha maganinsa. Da ya sauko idonsa ja wur, ya ce, "Wa ya kawo labarin?" Muka zagaya bayan mota muka tarar da Korau ya haƙa rami mai kyau, tsawon kamu biyu, har da 'yar ƙaramar kafa a gefen gabas.

"Ita ƙarama ce," ya ce, "wannan zai ishe ta."

Na kama shi a wuyan riga na ja shi gaban hitar, mutanen ruga suna kallo suna danne dariya. Na goge kunkunniyar, na sassauta noti, na zame ɗan murfin da ke jikin bututun gas don iska ta ƙara shiga. Na kunna. Wuta ta tashi shuɗiya, tana huci a hankali.

"Ka gani? Buɗe kunnenka da kyau. A kan dutsen nan, duk abin da ka ji an ce ya mutu, ba binne shi ake yi ba. Iska ake ba shi. Maimaita."

"Ba binne shi ake yi ba. Iska ake ba shi."

"Sake."

Sau bakwai na sa shi ya faɗa, don haushi kawai. Dakta bai kore shi ba, tunda ba shi ya kashe wutar ba, amma yini guda bai dubi inda yake ba. Ardo kuwa ya aiko da ƙwaryar nono wai na ta'aziyya ne, an riga an zuba.

Wata rana sanyi ya yi sanyi, ciyawa ta yi fari da raɓa, bakin kowa na hayaƙi. Na kunna hita wutar ta fito 'yar mitsitsiya. Wannan kuma laifin tukunyar gas ne: in ta kwana a sanyi gas ɗin ba ya tasowa da ƙarfi, sai rana ta ɗan taɓa ta. Rana ta fara fitowa, ni kuma Ardo na jirana in taya su shirya shingen shanu. Na kwance tukunyar na ce, "Korau, sanyi ya kama ta. Sauke ta ƙasa ta ji ɗumi." Na tafi. Abin da na manta shi ne, mutanen dutse in sun ce ƙasa, garuruwan gindin dutse suke nufi, kuma mako guda Korau yana jin suna cewa ƙasa akwai zafi. Na dawo ba tukunya, ba Korau. Matan Ardo suka dafa wa Dakta ruwa da ɗanyen itace, hantsi ya yi kafin yatsunsa su saki, shanu ɗari biyu suna tsaye suna kuka a shinge. Na ari babur na bi hanya. Sai bayan azahar na cim masa, ya wuce ƙauye biyu, tukunya a ka, yana gangarawa yana waƙa.

"Ina za ka?"

"Ƙasa, Yaya. Taɓa ka ji, ta fara ɗumi."

Na taɓa. Ta yi ɗumi kuwa, rana ta dake ta tun safe a kansa. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Na ɗaure tukunyar a bayan babur na ce shi ya tako da ƙafa, na yi gaba kaɗan, na tuna fuskar Inna, na dawo na ɗauke shi.

Dakta yana zaune a bakin mota da hannuwansa cikin bargo. Ya ce, "Yau na rasa ruwan zafi ta dalilinsa." Na durƙusa. Ni Ilu, mai 'ya'ya biyar, na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa na ba shi labarin Inna da ƙofarta. Ya dubi shanu, ya ce, "Sau ɗaya. Kada ka sake roƙona."

Wata rana za mu je wata ruga da ƙafa, ba a barin hita a kunne ba kowa. Na riga na yi nisa na waiwaya na ce, "Korau, kashe hitar ka biyo mu." Taku goma na yi maganar Tabawa ta faɗo mini. Na juya da gudu. Ya riga ya aro taɓarya wurin matar Ardo, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Na rungume shi ta baya muka zube tare.

"Ba haka ake kashe ta ba!"

"Na nemi wuƙa, Yaya, na ga ba ta da wuya."

Na nuna masa makunnin, na murɗa da kaina. Ya tura taɓaryar ƙarƙashin mota, wai ko za a sake buƙata. Allah ya taimake ni Dakta ya riga ya sha kwana bai ga komai ba, kuma ban faɗa masa ba.

Wata rana, saura kwana uku mu gama, har na fara lissafin yadda zan shiga gida da Korau a bayana, Dakta ya tsaya gaban hitar yana murza hannu ya ce shi kaɗai, "Hitar nan ba ta son sanyi ko kaɗan." Korau yana kusa. Dakta yana da wata kwat ta ulu da ya saya tun yana ɗalibi, shekara arba'in yana lallaɓa ta, ita yake sawa duk hawan dutse. Muna wurin shanu ƙauri ya iso mu. Muka tarar da kwat ɗin a jikin mota, an lulluɓe murfin hitar da ita, an cusa hannuwanta a ramukan hayaƙi, an ɓalla maɓallai har wuya. Bayanta ya ci wuta ya yi rami. Dakta ya fizge ta, ya kashe gas, ya buɗe tagogin motar duka. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Kwat ba komai ba ce," ya ce. "Waɗannan ramukan hancinta ne. In ka toshe su hayaƙin ciki zai koma. Kuma ba irin hayaƙin itace ba ne da za ka gani ka yi tari. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Barci kawai zai sa ka, ba za ka tashi ba."

"Jariri ma ya san wannan," na ce wa Korau, don in nuna wa Dakta ni ina da hankali. "Wane irin kai ne da kai?"

Dakta ya ce jibi kasuwa, motar farko Korau zai bi. Daga yanzu kada ya ƙara zuwa kusa da hitar, ni zan lura da ita. Ban roƙa ba, ya riga ya hana. Korau ya tambaye ni a hankali, "Yaya, an gama aikin ne?" Na ce ba a gama ba. Ya ce, "To Inna za ta ja mayafi." Wannan ya gane shi sarai. Na rasa inda zan sa kaina, tausayi da haushi suka haɗe mini wuri ɗaya, sai na ƙara yi masa tsawa.

Wata rana, wato washegari, aka tashi da ruwa da iska mai ƙarfi. Da azahar Dakta ya dawo daga shinge a jiƙe yana karkarwa, ya ce wanka da ruwan zafi yake so ya kwanta. Na kunna hita iska ta hure ta. Na sake, ta hure. Sau huɗu. Ruwa na dukana, Dakta na kirana daga ciki. Sai na ɗauko buhu na rataya a gaban murfin don ya tare iskar, na bar ɗan fili a tsakani. Na tuna maganar jiya, ba mantawa na yi ba. Na ce a raina ai ni ba toshewa na yi ba, karewa na yi, kuma ni ba Korau ba ne, na san abin da nake yi. Wuta ta zauna. Dakta ya rufe tagogi, ya sa sakata ta ciki saboda iska na buga ƙofar. Na tuna mun bar akwatin allurai a shinge. Korau yana zaune ƙarƙashin tamfol a gefen mota, ya haɗa kayansa a leda tun safe.

"Zan je in dawo. Kada ka taɓa komai na motar nan. Hannunka kada ya taɓa ta. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Ardo ya tsare ni da hira a bukka har ruwan ya ɗan tsagaita, na fi awa guda. Da na hango motar daga nesa sai na sheƙa da gudu. Ƙofar ɗakin tana lilo a kan ƙarfe ɗaya, an farfasa ta. Ga Dakta Maikano, dattijo mai shekara saba'in, kwance a kan ciyawa cikin yayyafi daga shi sai zanen wanka da singileti. Ga Korau a kansa da faifai, yana yi masa fifita da iya ƙarfinsa, a cikin iskar da ke neman ɗauke tamfol.

Na jefar da akwatin. Ban san lokacin da na kai masa mari ba.

"Ka kashe shi! Na ce kada ka taɓa motar!"

"Ban taɓa ba, Yaya. Taɓarya ce ta taɓa." Bai daina fifitar ba. "Na ji shi ta taga yana cewa kansa na sarawa, jikinsa duk ya mutu. Na kira shi bai ƙara amsawa ba. Kai ka ce abin da ya mutu a kan dutsen nan ba binne shi ake yi ba."

Na ture shi na faɗa motar in ɗauko bargo. A ƙarƙashin gado akwai kazar da matar Ardo ta ba Dakta da safe, an ɗaure ta a nan saboda ruwa. Tana kwance, ƙafafu a miƙe, ta sandare. Na tsaya ina kallonta da bargo a hannu. Na fito na zagaya gefen hitar. Buhuna ya sha ruwa, iska ta manna shi a kan ramukan ɗam, ko allura ba za ta shiga ba, gefensa ya yi baƙi. Na cire shi na kashe gas. Ban iya komawa wurinsu nan da nan ba, sai da na dafa motar.

Dakta ya yi amai, ya buɗe ido, ya daɗe bai san inda yake ba. Muka naɗe shi a bargo, na tuƙa motar ƙofa na lilo har asibiti a Gembu, Korau yana riƙe da shi a baya. Suka sa masa abin shaƙar iska suka kwantar da shi. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce da an ƙara minti goma a ɗakin nan, sai dai wani labarin. Da Dakta ya dawo hayyacinsa ya kira mu bakin gado.

"Wa ya toshe hancin hitar?"

Korau ya dube ni. Ya saba duk tambaya irin wannan shi ne amsarta, har ya fara buɗe baki zai ba da haƙuri. Da na yi shiru da ya ɗauka, kuma kowa zai yarda. Wallahi sai da abin ya zo mini a rai.

"Ni ne, ranka ya daɗe," na ce.

Dakta ya dube ni, ya dubi shatin yatsuna a kumatun Korau, ya kawar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Motar kasuwa ta zo ta tafi ba Korau a ciki. Bayan kwana biyu muka koma ruga aka ƙarasa shanun da suka rage, Korau na riƙe ƙaho, Dakta na soka allura, yana faɗa masa kowace magana a miƙe kamar yadda Tabawa ta ce.

Ranar da muka sauko Dakta ya ce kada in wuce Tungar Kanya. Na tsaya a ƙofar gida, an ɗaure ƙofar motar da igiya. Dakta ya fito da sandarsa da ƙonanniyar kwat ɗinsa, ya yi sallama a zaure. Muka ji takun Inna. Ta fito tana jan mayafi, ta hango baƙo babba, ta hango motar da aka farfasa wa ƙofa, ta hango Korau ba gira ɗaya.

"Me ya ɓata?" ta ce. "A yi haƙuri, Alhaji. Haka Allah ya yi shi."

Dakta ya jingine sandar. Da sanyin ƙashinsa da komai ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba ƙara na kawo ba. Godiya na zo yi. An gama aiki jiya, da shi aka gama. Kuma ba don ɗanki ba, da gawata za a sauko da ita daga dutsen nan."

Inna ta juyo wajena, don a saninta in an ce ɗanta ya yi abin kirki ni ake nufi.

"Ba ni ba ne, Inna," na ce. "Ni ne na ɓata. Korau ne ya gyara."

Ta tsaya kamar ba da Hausa aka yi maganar ba. Ta sa Dakta ya maimaita, ya maimaita, ya ƙara da cewa baɗi ma da Korau zai hau. Tabawa tana bakin ƙofar tsakar gida ta rufe baki da gefen zane. Inna ta lalubi bango, ta zame ta zauna a dandamalin zaure, hawaye na bin fuskarta.

"Ku bar ni in zauna," ta ce. "Jikina duk ya mutu."

Korau ya jefar da ledar kayansa ya faɗa cikin gida da gudu. Ya fito da faifan Tabawa, ya durƙusa gaban Inna ya kama fifita da hannu biyu, har mayafinta na tashi. Na buɗe baki zan yi masa tsawa. Inna ta ɗaga mini hannu. Ta rufe ido ta jingina da bango, ta bar shi yana ta fifita.